Na je Iskandariyya ɗaukar kufai, na dawo da hoton shanya

Tun ranar da na sauka Jos mutane ke ta damuna a WhatsApp wai ina hotunan Masar, har wani abokina ɗan Rikkos yace shi fa bai yarda ba, ƙila a Kaduna na maƙale sati uku na dawo ina cika baki. To yau dai akwai wuta tun asuba kuma bani da biki sai Asabar, na zauna a shago na buɗe laftof ina tace hotunan, sai naga gara in rubuta labarin gaba ɗaya kowa ya huta.

Kawu na raka Alƙahira a watan Disamba aka yi masa aiki a gwiwa, shine asalin tafiyar. Da aka gama lafiya likitoci sukace ya kwanta ya huta tukun, matarsa na gefensa tana komai, ni kuma na zama kamar kujera a ɗakin. Rana ta uku ya kalleni yace "kai ɗan nan tashi kaje kaga gari mana, wannan ƙatuwar jakar kyamarar da ka ɗauko tun daga gida silin ɗin asibiti zaka ɗauka da ita?" Shikenan na kira ɗan gwaggona dake karatun likitanci a Iskandariyya, mu tun yana firamare Likita muke ce masa, yace Yaya ka taho kawai akwai katifa. Daga tashar Ramsis na hau jirgin ƙasa, wajen awa uku sai gani a bakin teku.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, nace ba tasi ba bas, a ƙafa zamu yi komai, don a mota kafin ka ɗaga kyamara abin ya wuce, kuma gaskiya aljihun ma ya fara tari. Yace ai duk nan kusa ne. Ɗalibi in yace maka nan kusa ne to ka ɗaure igiyar kambas ɗinka da kyau.

Waɗanda suka sanni sun san shekara 11 kenan ina ɗaukar biki da suna da walimar sauka a garin nan, kuma duk mai wannan sana'ar zai faɗa maka rabin aikin sharewa ne. Wayar wuta da ta ratsa kan ango, bokitin wanki a bayan amarya, janareto, yaron maƙota da ya leƙo da majina, duk sai ka zauna cikin dare ka goge su ɗaya bayan ɗaya don mai hoto so yake a ganshi kamar a Dubai aka yi bikin alhali a Gangare ne. Idona ya saba, tun kafin in danna na riga na fara lissafin abin da zan cire. Da wannan idon na shiga Iskandariyya.

Wurin farko ma bamu yi wata tafiya ba, daga tashar jirgin ƙasan minti biyar bai cika ba ka iso Kom Dikka. Abin da ya fara ɗaure min kai shine ƙasa kake leƙawa, tsohon garin yana can cikin rami ƙarƙashin titi, sabon garin ya hau kansa ya zauna. A 1960 masana 'yan ƙasar Folan suka fara tono a wurin, a hankali suka fito da dandalin Rumawa mai layin kujeru 13 na farin dutsen mabul, an jera su rabin da'ira suna hawa sama. Akwai wani wuri a tsakiya da in ka tsaya kayi magana muryarka zata dawo maka a kunne kamar ka sa kai a cikin randa, Likita yace in gwada, nayi sallama, wallahi sai da na waiga. Amma ni abin da yafi tsaya min a rai wasu ƙananan ɗakuna ne a jere gefen dandalin, wajen guda 20, kowanne da dakalin dutse ya zagaye bango sannan a ƙurya an ɗaga mazauni ɗaya sama da sauran. Ajujuwan karatu ne na wajen ƙarni na 5 zuwa na 7, malam a sama ɗalibai sun kewaye shi. Nace Likita wannan ai zauren malam ne, buzu kawai ya rage. A cikin filin kuma akwai wani gida da suke kira gidan tsuntsaye, daɓen ɗakin an yi shi da 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu launi an fitar da ɗawisu da aku da tattabaru, ka rantse da fenti aka zana.

To nan na fara aikin nawa. Ko ta ina ka juya benaye ne sun kewaye wurin, hawa bakwai hawa goma, baranda cike da shanya, dish a kan kowane rufi, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga. Ni kuma na dage sai na fitar da hoto fes babu ko ɗaya a ciki. In durƙusa, in matsa hagu, in canza lens in saka dogon don in matse kujerun kawai, na ɓata fiye da awa ɗaya a haka rana kuma ta take tsaka, farin dutsen nan yana ta mayar min da haske yana ƙona hoton. Likita ya gaji ya samu inuwa yana ta latsa waya.

Daga nan muka miƙa unguwar Karmuz inda dogon ginshiƙin nan yake, kuma a wannan tafiyar ce na gane dalilin da yasa nace a ƙafa. Lunguna ne irin na cikin gari, masu kayan gwanjo, kafintoci sun fito da kujeru bakin titi, Keke Napep da su suke cewa tuktuk suna ta kutsawa kamar Terminus ranar jajibirin sallah, ga layin dogon taragon cikin gari ya ratsa tsakiyar kasuwa. Muka tsaya muka sha ruwan rake, a gabanka ake tura sandar cikin inji a tsiyaya maka a kofi da kumfarsa, ban san me ya hana mu yin wannan a nan ba ga rake har ana zubarwa. Duk wanda ya ganni da kyamara sai ya tambaya daga ina, in nace Najeriya sai ya fara lissafo min 'yan ƙwallo. Likita dai ya ja min kunne tun a hanya, yace Yaya kar ka ɗauki mutum sai ka tambaye shi, mata kuma ka kyale su kawai, inda kaga ɗan sanda ko soja ma ka sauke kyamarar gaba ɗaya. Na bi maganarsa, a garin mutane ba'a gardama da ɗan gari ko da na aro ne.

Kana cikin wannan hayaniyar kawai sai ka ɗaga kai ka ganshi ya leƙo ta saman katanga. Larabawa Amudus Sawari suke ce masa, Turawa kuma suna kiransa ginshiƙin Fomfe, wani janar na Rumawa, kuma sunan kuskure ne, babu ruwan wancan janar ɗin da shi, an kafa shi ne don girmama sarkin Rum Diyokletiyan wajen shekara ta 300 bayan haihuwar Annabi Isa. Tsayinsa gaba ɗaya kusan mita 27, amma gangar jikin kaɗai ta haura mita 20 kuma dutse ɗaya ne tal, babu haɗi babu gami. Jan dutse ne daga Aswan can kudancin Masar, aka biyo da shi ta kogin Nilu, nisan kamar ka ɗauko kaya daga Jos ka kai Legas. Mu 'yan Jos ai ba sai an yi mana bayanin wannan dutsen ba, irin namu ne, a kansa muka yi wasa muna yara, kuma kowa ya taɓa ganin matan nan masu fasa dutse a bakin hanya yadda suke wuni da guduma kafin su tara tulin da bai kai gwiwa ba. Shine wasu suka sassaƙa mita 20 suka murje shi sumul suka tayar da shi tsaye babu kiren babu tirela. Na dafa gindin na daɗe ban ɗauki komai ba.

Wurin da yake tsaye da can babban ɗakin bautar gunkinsu ne mai suna Serafis, aka rushe shi a shekarar 391 lokacin da Kiristanci ya yi ƙarfi a garin, yanzu sai ramuka da guntayen duwatsu da gumaka biyu masu jikin zaki da kan mutum sun kwanta a gaban ginshiƙin. Ta gefe guda kuma maƙabartar Musulmi ce babba, katanga kawai ta raba.

Nan fa nayi abin kunya, na kwanta rub da ciki a ƙasa da shaddata, na juya rigingine, duk don in samu ginshiƙin da zakin da sararin sama kawai. Kuma na samu, hoton yayi kyau ba laifi. Ina tashi ina kakkaɓe jiki Likita ya miƙo min wayarsa yace Yaya kalli, ya buga sunan wurin a Google, hotuna suka zubo, wallahi guda nawa ne irin nawa sak, kusurwa ɗaya sama ɗaya, wasu ma sun fi nawa don su sun samu gajimare. Yace da ka zauna wajen Kawu na turo maka wannan ai. Yaron nan bashi da ta ido, amma maganar ta shige ni.

Ina tsaye ina jin haushi sai naga wata mata a bene hawa na huɗu can bayan zakin ta fito baranda da wani jan bargo mai zanen damisa, irin dai wanda ke kan gadon kowace amarya a Anguwar Rogo, ta girgiza shi ta rataya ta koma ciki. Bargon ya sauko daidai saman kan gunkin. Na jira ta shige, na ja da baya wajen taku goma, na mayar da ƙaramin lens, na bar komai ya shigo, zakin da ginshiƙin da benen da dish da wayoyin wuta da wandunan yara guda uku a igiya. Na danna sau biyu. Da na duba bayan kyamara sai naga a karon farko girman ginshiƙin ya fito, don ga bene a gefensa ido ya samu abin aunawa, a wancan mai tsaftar kuwa zaka iya cewa turken tanti ne. Kuma jan bargon da jan dutsen kamar sun haɗa baki.

Daga lokacin ban sake kwanciya a ƙasa ba.

Tafiyar minti goma daga nan sai Kom Shuƙafa, ma'anar sunan tudun tsingaro, saboda tulin fasassun tukwane da aka tarar a wurin, wai masu zuwa ziyarar matattunsu in sun ci abinci basa komawa gida da kwanukan sai su fasa su bari. A 1900 aka gano shi, labarin da ake bayarwa jaki ne ya rufta rami da kayansa. Kabari ne hawa uku amma ƙasa ya nufa, an fafe shi cikin dutse tun wajen ƙarni na 2, kana sauka ta matakala mai murɗawa kamar ta hasumiyar masallaci, a tsakiya akwai rijiya da ta nan ake zura gawa da igiya. Akwai ɗaki mai dakali uku inda dangi ke kishingiɗa suci abincin, ni dai nace ko kyauta aka bani shinkafa a nan ba zata wuce min ba. A jikin bangon babban kabarin an sassaƙa gunkin Misirawa mai kan kare, Anubis, amma an saka masa kayan sojan Rum, ga macizai sanye da kambin Fir'auna, kowa ya kawo nasa an gwamutsa, Misirawa da Girkawa da Rumawa. Hawa na ƙasa a da ruwa ya cinye shi shekara da shekaru. Maganar hoto kuwa a nan na sha kashi, haske kaɗan ne kuma rawaya, filasha tana kashe sassaƙar ta mayar da bango kamar an shafe shi, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoton yayi yashi, na rage gudun shota hannu ya yi rawa, ƙarshe bango na jingina na riƙe numfashi, cikin wajen talatin uku ne suka fito. Tun muna shiga ma gilashin lens ya yi gumi saboda ɗumin ƙasa da sanyin waje, sai da na zauna na jira ya washe da kansa.

Daren nan ƙafata kamar ba tawa ba. Likita ya siyo burodi da soyayyar hanta irin tasu mai yaji, naci na kwanta ko labari ban iya yi ba.

Washegari muka bi bakin teku, titin da suke kira Kornish, daga wajen tashar Ramli har ƙarshen gaɓar inda sansanin Ƙaitbai yake. Na cika baki da safe nace ni ɗan Jos wane sanyi za'a nuna min, ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Ashe namu sanyin busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe ne da iska mai shiga ƙashi, igiyar ruwa tana dukan katanga tana watso maka feshi. Duk minti kaɗan sai na goge gilashi, kuma gishirin baya gogewa da tsumma busasshe sai dai ya shafe ya yi maiƙo, sai ka ɗan hura masa tukun ka bi a hankali. Wanda zai je bakin teku da kyamara ya saka filta a gaban lens ɗinsa, shawara ce kyauta. A hanya Likita yana ta bani tarihi wai Iskandar ne ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, nace shine Zulƙarnaini? yace Yaya wannan rigimar malamai ce kar ka jefa ni ciki. Muka yi azahar a masallacin Abul Abbas Mursi, kuma dab da shi ga masallacin da kabarin Imam Busiri yake, mai Burda, wanda muka taso muna ji ana rerawa duk Maulidi. Na kira Hajiya a take na faɗa mata inda nake tsaye, tace kayi mana addu'a ka daina surutu.

Sansanin kansa Sarki Ƙaitbai ne ya gina shi a 1477, fari tas a bakin ruwa, amma ni abin da babu shi naje ɗauka. A daidai wurin ne hasumiyar Iskandariyya ta tsaya, wadda ake kunna wuta a samanta jiragen ruwa su gane hanya, an gina ta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100, tana cikin abubuwan mamaki bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cinta, ta 1303 ta yi mata mummunan lahani. Ibn Baɗuɗa, wannan matafiyin da ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu, ya ganta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko shiga ba'a iya yi. Wasu duwatsunta aka sa a ginin sansanin, sauran suna ƙarƙashin ruwa, a 1994 masu nutso ƙarƙashin wani Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka tarar da manyan duwatsu da gumaka zube a ƙasan tekun nan gefen katanga. To ya zaka ɗauki hoton abin da ya nutse? Na hau saman katangar na leƙa, ruwa ne kawai kore yana kumfa, sai wani dattijo a kan duwatsun ƙasa da doguwar fatsa da bokitin fenti a gefensa yana jiran kifi. Na sauka na yi masa sallama na nuna kyamara, ya ɗaga kafaɗa ya juya ya cigaba da abinsa. Shi na ɗauka, ta baya, da bokitin da komai, sansanin a gefe rana tana faɗawa bayansa. Da Jos ne bokitin nan shine farkon abin da zan goge.

Da na dawo gida na haɗa laftof da talabijin a falon Hajiya aka taru. Masu tsaftar nan da na sha wahala a kansu tana ta wucewa, ta kai na biyar tace "wai garin ba mutane ne?" Da aka zo kan na bargon kuwa tace tsaya, ta matso da kujera ta gyara tabarau, tace Allah sarki suma ashe suna shanya bargo, wannan ai irin na ɗakin ƙanwarka ne. Sai kuma ta tambaya wannan dogon abun na bayansa fa na menene, a nan na samu na bata labarin Aswan da kogin da komai, ta saurara har ƙarshe, abin da bata taɓa yi min ba a kan hoto. Ƙanena kuma yace in kufai nake so ga gidan tarihi nan a bayanmu tun 1952 da kawunan Nok a ciki, ga kududdufan kuza ko ta ina, yaushe rabona da zuwa? Nace tun muna aji huɗu da aka kaimu a bas. Aka yi min dariya.

Shine jiya na bar hotunan a kwamfutar shago nace wa yarona ya ware min guda goma zan wanke manya in manna a bango, na tafi ɗaurin aure Bukuru. Yau da safe na shigo na tarar da shi yana ta murmushi, yace Oga na gyara maka wancan na zakin, har ƙarfe ɗaya na kai a kansa. Na buɗe. Ya cire bargon, ya cire benen, ya cire wayoyin da wandunan yaran, ya zuba sama shuɗiya fes har da ɗan gajimare a gefe, kuma wallahi aikin yayi kyau ko layi baka gani, ni na koya masa da hannuna. Na rasa me zance, nace sannu da ƙoƙari, jeka siyo mana ƙosai. Yana fita na jawo jakar kyamara na hau laluben memori, Allah ya taimake ni ban goge na ciki ba.